Waɗanne Katun ɗin Japan Ne Suka Cancanci Ka Sake Kallo Bayan Ka Girma?

Ƙanena, na karanta saƙonka. Ka ce shekarunka 27, ka tashi da Kyaftin Majid da Conan a tashoshin Larabawa, daga baya kuma faya-fayan Naruto da Dragon Ball Z suka shigo gidanku. Kwanan nan kewar yarinta ta taso maka, ka je wajen masu turi aka cika maka waya da Naruto, amma kafin ka yi nisa barci ya fara ɗaukarka, har kana zargin ko musanya maka shi aka yi. Kana so in faɗa maka waɗanda suka cancanci a koma musu da waɗanda gara a bar su a inda suke.

Ba a musanya maka komai ba. Na daɗe ina koyar da zane da haɗa hoto mai motsi, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo wurina irin waɗannan finafinan ne suka koro shi, don haka wannan koken ba baƙona ba ne. Abubuwa biyu ne suka haɗu a kanka. Na farko, yawancin abin da ka kalla ba a gina shi don a zauna a kwashe kashi goma a dare ɗaya ba. Na biyu, idon da ka kalla da shi a lokacin ba shi ne a fuskarka yanzu ba. Saboda haka ma'aunina guda ne: katun ya cancanci komawa idan akwai abin da aka ajiye a cikinsa wanda yaro ba zai gani ba. In ba shi da wannan, waƙar farkonsa ta ishe ka, minti ɗaya da rabi ka huce kewarka ka kama gabanka.

Bari in fara da abin da ya sa ka barci, domin in ka gane shi ka huta da rabin wahalar.

Kusan duk waɗannan labaran a takarda suka fara, abin da Japanawa ke kira manga. Naruto da Dragon Ball da One Piece da Bleach da Kyaftin Majid duk a mujalla ɗaya suka fito, Shonen Jump, mai fitowa mako-mako. Marubuci kan ba da babi ɗaya a mako, shafi goma sha tara ko kusa da haka. Shi kuwa kashi ɗaya na talabijin, mai minti ashirin da 'yan kai, yakan cinye babi biyu ko uku in ana tafiya yadda ya kamata. Ka ga lissafin ba zai taɓa daidaita ba. Talabijin na gudu, marubuci na tafiya, ba a jimawa sai a taka masa diddige. Tashar kuma ba ta yarda a tsaya, don in aka saki wannan lokacin wani shiri zai gaje shi. To sai kamfani ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya ja labarin kamar ƙaro, a yi ta kallon-kallo da tuna baya da ihu, ko ya ƙirƙiro wani labari na cikon benci wanda ba ya cikin littafin, kuma aka hana shi canza komai. Ba wanda zai mutu a cikinsa, ba wanda zai koyi wani abu. Yaron da ke jiran sati ya zagayo ba ya lura, murna ma yake an nuno jaruminsa. Kai da ka dawo daga aiki a gajiye, kana lissafin cajin waya, dole ka lura.

Tsumulmular zanen ma tsohuwar al'ada ce. Tun 1963, da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin da kuɗi kaɗan, aka saba da rage yawan zane: maimakon 24 ko 12 a daƙiƙa, a yi 8 ko ƙasa da haka, a tsayar da jiki cak baki kaɗai ke motsi, a adana wasu fitowar a riƙa maimaita su. Daga wannan talaucin ne salon ya samo kamanninsa. Ana tara ƙarfi a zuba shi a wuri ɗaya, shi ya sa za ka yi kashi biyar kana kallon mutane a tsaye kamar gumaka, sai kwatsam a yi faɗan minti uku da har ka mutu ba za ka manta ba.

Naruto ɗinka kashi 720 ne in aka haɗa: 220 na farko daga 2002 zuwa 2007, sai Shippuden 500 daga 2007 zuwa 2017. In kana kallon ɗaya kullum, shekara biyu ce ba kwana goma. Wajen biyu cikin biyar na wannan tulin cikon benci ne. Ga yadda nake ba ɗalibaina shawara. Ka kalli na farkon daga kashi na 1 zuwa na 135, ka rufe. Daga 136 har kusan ƙarshe yawo ne kawai, ana jiran marubucin, Masashi Kishimoto, ya ba da tazara. A cikin waɗannan 135 ɗin, labarin Zabuza da Haku, daga wajen kashi na 6 zuwa na 19, shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, kuma na tabbata da kana yaro faɗan ka gani. Yanzu za ka ga maraya da aka tsinta a titi aka mayar da shi makami, shi kuma yana godiya don a karon farko wani ya buƙace shi. Kashi na 48, inda Rock Lee ya kwance nauyin da ke ƙafarsa gaban Gaara, har yau yana nan da ƙarfinsa. Ni a daidai nan faifaina ya taɓa sarƙewa, na goge shi da gefen riga, na hura masa iska, ya ƙi, sai bayan wata guda na ga ƙarshen faɗan a gidan wani aboki. Kashi na 133 kuwa ina sa ɗalibai su kalle shi a hankali, hoto bayan hoto, don su ga yadda ake karya siffar fuska da gangan domin bugu ya yi nauyi. A Shippuden, ka bi labarin Jiraiya da na Itachi da na Pain har kashi na 175. Yaƙin da ya biyo baya yana da wurare masu kyau, amma an jiƙa shi da tuna baya har ya yi salam.

Ka kuma sa ido a kan Iruka, malamin makarantar nan da ba wanda ke zana hotonsa a bayan littafi. Dodon da ke cikin Naruto shi ya kashe masa iyaye, amma shi ne mutum na farko da ya saya wa yaron abinci ya zauna da shi. Da muna yara ɗan rakiya muka ɗauke shi.

Dragon Ball Z kashi 291 ne, 1989 zuwa 1996, kuma shi ne sarkin jan rai. Ka tuna lokacin da Frieza ya ce duniyar Namek za ta tarwatse nan da minti biyar? Wajen kashi goma aka yi kafin minti biyar ɗin su cika. Kamfanin Toei da kansa ya san da haka, shi ya sa a 2009 ya fito da Dragon Ball Z Kai, aka tankaɗe labarin ya dawo ƙasa da kashi 170. Shi za ka nema. Abin da za ka rasa bai taka kara ya karya ba, in ban da kashin nan da aka tilasta wa Goku da Piccolo zuwa koyon tuƙin mota, wanda cikon benci ne amma ya fi wasu faɗace-faɗacen daɗi. Da idon babba za ka lura cewa Goku ba uban kirki ba ne, Piccolo ne ya yi renon Gohan. In kuwa basirar marubucin, Akira Toriyama, kake son gani, wanda ya rasu a Maris ɗin 2024 yana da shekara 68, to Dragon Ball na asali na 1986 ya fi nuna ta, lokacin Goku na ƙaramin yaro mai wutsiya, labarin na tafiye-tafiye da barkwanci, an aro ƙashin bayansa daga tsohuwar hikayar Sin ta sarkin birai. Sai dai akwai tsoho mai shegen son mata a ciki wanda barkwancinsa bai dace da falon gida ba.

Bleach ka tsaya a kashi na 63, nan ne ya kai ƙololuwa. One Piece ya haura kashi dubu tun daga 1999 kuma bai ƙare ba, wannan ba komawa ba ce, aure ne. In kana son ɗanɗano, ka kalli labarin Nami da Arlong, kashi na 31 zuwa na 44.

Yanzu mu je tashoshin Larabawa, don a nan kewarka ta fi zurfi, ko ba ka faɗa ba. Gidaje da yawa a arewa sun kafa dish ɗin da ke kamo tashoshin kyauta, Spacetoon da ta fara a 2000 da MBC3 da ta biyo baya a 2004 suka zama 'yan reno. Yaran da ke zuwa Islamiyya sun riƙa tsintar kalmomi, domin da Larabcin littafi aka ɗora muryoyin, da yawansu a cibiyar Zuhra da ke Dimashƙa. 'Yan'uwanmu na Sudan da Chadi da mazauna Saudiyya wannan ne abincinsu na kullum. Na Nijar kuwa da dama da Faransanci suka sani, shi ya sa in ka ce Majid su ce Olive et Tom, alhali shiri ɗaya ake nufi, Kyaftin Tsubasa a sunansa na asali.

Kyaftin Majid zan gaya maka gaskiya: a matsayin ƙwallo, abin dariya ne yanzu. Fili ne da ake gudu a kansa kashi guda ba a hango raga ba, har sai ta ɓullo daga bayan tudu kamar fitowar rana. Ɗan wasa zai daka tsalle ya tsaya a sama ya tuna mahaifiyarsa da kocinsa kafin ya buga. Kashi 128 ne, 1983 zuwa 1986, ba na ce ka kwashe su duka ba. Amma tarihinsa abin jinjinawa ne. Yoichi Takahashi ya fara zana shi a 1981 bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 ta burge shi, a lokacin Japan ba ta da gasar ƙwararru ma, sai 1993 aka fara ta, kuma sai 1998 ƙasar ta fara zuwa kofin duniya. Wato ya zana mafarkin kafin a same shi. Fernando Torres da Andrés Iniesta duk sun faɗi cewa da shi suka tashi, kuma dukansu sun je Japan taka leda a 2018. In za ka koma, ka koma saboda Bassam. Mun tsane shi don yana tare wa Majid hanya, yana naɗe hannun riga yana hura hanci. Maraya ne, yana raba jarida don ya taimaki uwarsa da ƙannensa, ƙwallo ce kaɗai hanyarsa ta samun makaranta. Majid ɗan gata ne mai wasa don nishaɗi. Ka sake kallon wasan ƙarshe tsakaninsu ka ga ko ba za ka sauya sheƙa ba. Ga Mazin mai ciwon zuciya, ga kocin nan ɗan Brazil da ciwon ido ya raba shi da sana'arsa yana matashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wanda nake roƙonka kada ka tsallake shi ne Ahdul Asdiƙa, labarin Romeo da Alfredo. Kashi 33 kacal, na 1995. Kamfanin Nippon Animation ya yi shekaru yana ɗauko littattafan Turai yana mayar da su katun, ɗaya a shekara, wannan na cikin na ƙarshe-ƙarshe. Abin da ke ciki ya faru da gaske: a ƙarni na 19, talakawan ƙauyukan Ticino a kudancin Suwizalan sukan miƙa 'ya'yansu ga dillalai a kai su Milan sharar bututun hayaƙi, domin ƙaramin jiki ne ke iya shiga ciki. Romeo ya miƙa kansa ne don a sami kuɗin maganin mahaifinsa. Yaro zai ga abota da ƙungiyar yara masu rantsuwa. Babba zai ga yarjejeniyar da aka rubuta a kan ɗan mutum, da uwargidan da ke ƙirga lomar da yake ci. Duk wanda ya taɓa ganin yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau ba sai an yi masa fassara ba. Shi kaɗai ne a cikin jerin nan zan ce ka nemi na Larabcin, don muryoyin da waƙar sun zama ɓangaren abin.

Conan ba a komawa gare shi daga farko zuwa ƙarshe. Tun Janairun 1996 ake yi, ya wuce kashi dubu, yaron kuma har yau yana aji ɗaya na firamare. Ka tsinci na farko-farkon, lokacin zanen na da duhu kuma kisan na da ban tsoro, ka bar sauran. A nan ne ya kamata in ja kunnenka. Abin da ka kalla a tashoshin Larabawa tacacce ne. An yanke fitowa, an rufe jiki, giya ta koma lemo, soyayya ta koma zumunci ko aka share ta. A na asali, Togo Mori, mai binciken da Conan ke zaune a gidansa, mashayi ne na bugawa a jarida, manyan bos-bos ɗin ƙungiyar baƙaƙen kaya kuma sunayen giya suke amsawa: Gin, Vodka, Vermouth. Wasu labaran cike suke da camfin Japanawa na alloli da aljanu da dawowar matattu. Kai babba ne, ka san abin da za ka ɗauka da wanda za ka zubar, amma kada ka kunna na asali ka tara ƙanne da 'ya'yan yayye kana cewa ai katun ne. Ka fara dubawa kai kaɗai.

In aka ce in zaɓi guda ɗaya tak, Fullmetal Alchemist: Brotherhood zan ɗauka, kuma ba zan yi dogon tunani ba. Kashi 64, daga 2009 zuwa 2010, babu cikon bencin da zai dame ka, domin an tsara shi ya ƙare tare da littafin. Akwai na 2003 mai kashi 51 wanda ya riski marubuciyar a hanya ya ƙirƙiri nasa ƙarshen, watakila shi ka gani a faifai. Yana da kyau, ya ma fi nutsuwa a farkonsa, amma Brotherhood ne cikakken labarin. Hiromu Arakawa mace ce da ta tashi a gonar shanun madara a Hokkaido, kuma ana jin hannun wanda ya san wahalar aiki a rubutunta: babu abin da ake samu a banza. Yara biyu, wa da ƙane, suka yi ƙoƙarin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu ta hanyar wani ilimi da aka haramta. Babban ya rasa ƙafa, ƙaramin ya rasa jikinsa ɗungurungum, babban ya sake ba da hannunsa don ya ɗaure ran ƙanensa a jikin sulke. Labarin bai taɓa cewa sun yi daidai ba. Mutuwa ba ta da gyara, daga nan aka tashi.

Abin da ba ka gani ba da kana yaro shi ne Ishbal. Ƙasa ce ta mutanen hamada masu riƙo da addininsu, soja ya harbe yarinya, tarzoma ta zama yaƙin shekara bakwai, daga ƙarshe gwamnati ta tura masananta su share al'ummar. Sojojin da kake so a labarin, masu barkwanci da kirki, su ne suka yi wannan aikin, kuma sun san abin da suka yi. Mutumin da ke bin su yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, wanda muka ɗauka bos ne, ɗan wannan al'ummar ne da ya tsira. Ban san wani katun na matasa da ya riƙe wannan tambayar ta ramuwa da yafiya da hannu biyu haka ba. Sannan akwai jana'iza a kashi na 10, da tambayar da wata 'yar ƙaramar yarinya ta yi a bakin kabari. Da na fara ganinta ina saurayi na ji babu daɗi. Da na sake gani bayan an haifa mini 'ya, sai da na kashe na fita waje.

Na biyu a wurina Alƙannas ne, wato Hunter x Hunter. Na tashar Larabawa shi ne na 1999, mai kashi 62, launinsa da kiɗansa sun fi sanyi. Na 2011 mai kashi 148 ya ɗauko daga farko ya wuce inda wancan ya tsaya nesa. Yoshihiro Togashi mayaudari ne: zai ba ka yaro mai koren kaya da sandar kamun kifi yana neman babansa, ka saki jiki, sannan a hankali ya nuna maka cewa yaron da ba ya tsoron komai abin tsoro ne. Daga kashi na 76 zuwa na 136, labarin tururuwa, akwai jan ƙafa a tsakiya, mai ba da labari ya cika surutu, amma ka daure. Sarkin dodanni yana zama mutum a hannun wata makauniyar yarinya da yake wasan dara da ita, shi kuma jarumin namu yana zama dodo. Ka kuma tambayi kanka wane irin uba ne zai bar jariri wajen 'yar'uwarsa ya tafi yawon duniya, sannan a ce ɗan ne zai sha wahalar nemansa. Littafin bai ƙare ba, ciwon baya ya sa marubucin yawan tsayawa, amma inda katun ɗin ya tsaya ya isa a kira shi ƙarshe.

Samurai X, wanda sunansa na asali Rurouni Kenshin, rabinsa zinariya ne rabinsa ƙasa. Kashi 95 ne, 1996 zuwa 1998. Ka kalla zuwa na 62, ƙarshen labarin Kyoto, abin da ya biyo baya ƙirƙirar kamfani ce har shirin ya mutu a kai. Daɗinsa ga babba shi ne tarihin da ke ƙarƙashinsa. An kafa labarin a 1878, shekara goma bayan juyin da ya kawar da mulkin shogun, wato sarakunan yaƙin Japan, shekara biyu bayan an hana ɗaukar takobi a titi. Mutane ne da yaƙi ya ƙare ya bar su ba sana'a sai kisa. Kisan minista Okubo Toshimichi da aka nuna ya faru da gaske a ranar 14 ga Mayun wannan shekarar, kuma Saito Hajime mutum ne da ya rayu, ya yi yaƙi a ɓangaren da aka kayar, daga baya ya zama ɗan sanda. Shi Kenshin yana yawo da takobin da aka juya kaifinsa baya don ya yi alkawarin ba zai ƙara kashe rai ba. Akwai kashi huɗu na daban da aka fitar a 1999 kan ƙuruciyarsa da asalin tabon fuskarsa. Sun fi shirin kansa kyau, amma jini ne male-male, ba na yara ba ne ko kusa.

Death Note, kashi 37, yana da saurin shiga. Gwaji ne mai kyau a gare ka: in har yanzu Light, jarumin labarin, yana burge ka kamar yadda ya burge mu a sakandare, to da sauranka. Yaro ne mai girman kai da ya sami iko ba mai tambayarsa. Mahaifinsa ɗan sanda shi ne mutumin labarin. Bayan kashi na 25 ƙarfin shirin ya ragu, kowa ya san dalili.

Pokémon da Beyblade da Yu-Gi-Oh ka bar su. Tallan kayan wasa ne da aka yi wa labari, sun yi aikinsu a lokacinsu, ba abin da suka ɓoye maka. Avatar mai kibiya a goshi, tunda na san za ka tambaya, ba na Japan ba ne, Amurkawa suka yi shi a tashar Nickelodeon daga 2005 zuwa 2008, ko da yake ya cancanci kallo. Voltron da yayyenka ke ba ka labari kuwa akasin haka ne: na Japan ne na 1981 mai suna GoLion, Amurkawa suka yanke mace-macen da ke ciki suka sauya masa suna a 1984, shi ne ya iso talabijin ɗinmu.

Wata dabara kan data. Waɗanda aka yi kafin wajen 2000 da hannu aka zana su a kan leda mai haske, aka ɗauka da kyamarar fim, don haka in aka sabunta su suna fitowa tangaran, sun cancanci babban fayil. Na farkon zamanin kwamfuta, irin su Naruto na farko da Bleach na farko, an yi su ne daidai ƙaramin talabijin na lokacin, ko ka sauke mafi nauyi ba abin da zai ƙaru sai kumburi. Ƙaramin fayil ya wadatar. In ka ga baƙin fili a dama da hagu, haka aka yi shi, kada ka miƙe hoton ya cika waya, kana mayar da mutane gajeru masu faɗi.

Na bar Cowboy Bebop a ƙarshe don ina zaton ba ka taɓa ganinsa ba, kuma gara da ba ka gani ba, da ka ce ba shi da daɗi. Na 1998 ne, kashi 26, Shinichiro Watanabe ya ba da umarni, Yoko Kanno ta yi kiɗan. Wasu mafarauta masu laifi ne a jirgin sama jannati a shekarar 2071, kullum cikin babu. A kashin farko ma an dafa abincin da sunansa nama da tattasai, ba nama a ciki. Tsohon ɗan sanda, tsohon ɗan daba, da wata mata da bashi ya yi wa katutu, kowannensu yana gudun wani abu da ya baro, ba mai tambayar wani. Duk wanda ya taɓa zaman haya da abokai a garin da ba nasa ba, ana jiran ƙarshen wata, ya san wannan jirgin. A kashi na 18 aka aiko wa matar wani tsohon kaset ɗin bidiyo, abokan zamanta suka sha baƙar wahala suna neman na'urar da za ta kunna shi a duniyar da ta manta da kaset. Da aka samu aka kunna, sai ga ta tana 'yar makaranta, tana yi wa kanta ta nan gaba magana cike da fara'a. Ta tsaya tana kallo, ta san ita ce, amma ba ta tuna komai.

Ka fara da Brotherhood, kashi biyu a dare, wata ɗaya da 'yan kwanaki ka gama. Sai Romeo, sai Bebop. Naruto ɗin da ke wayarka ka goge daga 136 zuwa 219, ka sami wurin zuba su.